Ranar da Na Wuce Baffa

A rugarmu da ke bayan Gwiwa, yaro ba ya shiga gaban babba a hanya. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya karanta mana wannan doka, da ita muka buɗe ido. In za ku kasuwa, babba na gaba kana biye da shi, ko da tafiyar hawainiya yake yi, ko da ƙudan zuma ne suka biyo ka. In kuwa ka tarar da dattawa zaune a bakin hanya, sai ka tuɓe takalmi in kana da shi, ka durƙusa ka gaishe su, kuma ba ka tashi sai gaisuwa ta kai ƙarshenta. Mutanen gari ma suna yi, amma mu Fulanin daji mun fi su zaƙewa, muna kuma taƙama da hakan.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifina, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, ban kuma taɓa ganin ya dube ni ido cikin ido ba. In zai aike ni sai ya kalli wani wuri daban ya ce, "Wai yau ba mai kora maruƙan nan ne?" Ni kuma na san da ni ake. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin tamu. Amma yaro ba ya gane haka sai ya girma, kuma ni na daɗe ban gane ba.

An haife ni daf da samun 'yancin kai, na kuma faɗa cikin yaran da dagaci ya tsinto daga rugage lokacin da aka matsa masa lamba ya kawo 'yan makaranta. Mahaifina bai so ba, sai dai ba ya jayayya da dagaci. Aka kai ni firamare a Roni, na zauna gidan wata gwaggona da ke aure a can. Yaran gari suka samu abin wasa. Wai ina warin man shanu, wai Hausata a karkace take, wai in malam ya ce in zana gida sai in zana bukka. Na yi dambe har na gaji, yawanci kuma ni ake kayarwa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk da wannan wulaƙanci, karatun ya shiga raina. Da na kai aji bakwai ba abin da nake so a duniya kamar in wuce sakandaren kwana da ke Kazaure. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa ƙasa, ana ta zuba kwalta, ana gina azuzuwa, kowane malami ya sayi babur da rediyo. Mahaifina kuwa jira kawai yake in gama in dawo in karɓi sandar kiwo. Ina son shanunmu, har gobe ina son su. Amma na riga na leƙa wani wuri, kuma ina so in ga iyakarsa.

Gudu kuwa ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Wanda ya tashi yana tare maraƙi a cikin ƙaya, wane gudu za a nuna masa? A farkon shekarata ta aji bakwai aka haɗa tseren makarantu a Roni, a zagaya bayan gari a dawo filin makaranta. Aka busa usur, kafin mu kai rijiyar bakin gari na waiwaya ban ga kowa kusa da ni ba. Ina cikin jin daɗina sai hanya ta biyo da ni ta ƙofar gidan dagaci, ga dattawa jere a kan tabarmi a inuwar darbejiya. Ƙafafuna suka tsaya da kansu. Na durƙusa na ce, "Barkanku da hutawa."

Su kuma, Allah ya jiƙansu, ba su rage mini ko kalma ɗaya ba.

"A'a, ɗan Fulani ne? Ina kwana? Ina gajiya? Ya mahaifin naka? Ya shanu? An ce ciwo ya shiga garken maƙwabtanku, da sauƙi dai?"

Ina amsawa ina haki, ina jin dirin ƙafafu suna wuce ni ta baya. Wani tsoho da ba ya ji sosai ya sa na maimaita masa ko ni jikan wane ne. Kafin a sallame ni, har wani yaro mai ƙiba da muke tsokana ya wuce yana nishi. Na shiga fili kusan na ƙarshe. Da labari ya bazu, hedimasta ya yi dariya har ya cire tabarau yana share hawaye, yara kuma suka samu sabuwar waƙa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne Baffana, ƙanin mahaifina. Tun yana saurayi ya ajiye sanda ya gudu ya shiga soja, abin da dangi ba su taɓa yafe masa ba. A can aka gano yana da gudu, ya riƙa yi wa sojoji tsere a Kaduna da Ikko, har an taɓa faɗar sunansa a rediyo. Bayan yaƙin basasa ya dawo da tabon harsashi a cinyar hagu, ya samu aikin koyar da wasanni a makarantun ƙasar Kazaure, yana zagaya su a kan keke. Duk garin da ya kwana, da sassafe sai a gan shi da gajeren wando da singileti da farin takalmin kambas yana gudu a gefen hanya, ba mai korarsa, ba kuma abin da yake kora. Mata masu zuwa rijiya suna cewa yaƙi ne ya taɓa masa kai. Mahaifina ko zancensa ba ya so. A wurinsa babban mutum ba ya gudu sai in gobara ta tashi ko saniya ta faɗa rijiya, balle har ya fito da cinya waje.

Ranar nan Baffa ya same ni a bayan aji ina kuka. Ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya yi mini magana da Fulatanci, a cikin makaranta, kowa na ji. Ni da nake ɓoye harshen nan kamar kayan sata!

"Gaisuwarka ta yi kyau," in ji shi. "Lokacin ne bai dace ba. Gobe in an idar da asuba ka same ni a bakin kwalta."

Ashe ba ni kaɗai ya kira ba. Duk 'ya'yan makiyayan da ke raɓe a bayan azuzuwa ya tattaro mu. Ya sa mu hawan duwatsun Roni har cinyoyinmu suka riƙa rawa. Ya koya mana yadda ake jan numfashi, da yadda mutum zai adana ƙarfinsa. Yakan ce in mashaya da nisa ba a sakin garke da gudu tun daga ruga, to haka ƙafa take. In mun gama sai mu zauna muna cire wa juna ƙaya, ya sa a dama mana fura da nono, yana ba mu labarin teku, da filin wasan da ya ga mutane sun miƙe tsaye suna yi masa tafi.

"Cikin masu tafin nan ba wanda ya tambaye ni ko ina warin man shanu," ya ce mana wata rana. "Kuma wallahi ina yi."

Muka yi ta dariya har wani ya ƙware da fura. Daga ranar na daina shinshina rigata kafin in shiga aji. Ba a daɗe ba yaran gari suka fara roƙon a sa su cikinmu. Baffa ya ce bismilla, amma in ana motsa jiki da Fulatanci ake ƙirga. Sai ga 'ya'yan attajiran Roni suna tsalle suna ihun go'o, ɗiɗi, tati, mu kuma muna gyara musu baki. Ban san ko akwai abin da ya taɓa yi mini daɗi a makarantar nan kamar wannan ba.

Maganar dattawan bakin hanya bai sha wahalar warware ta ba. Ya ce in ina gudu in ɗaga musu hannu kawai, in an gama mu dawo tare mu durƙusa mu cika gaisuwa. Haka muka riƙa yi, su ma suka saba. Abin da ya gagare shi shi ne ya sa in wuce shi. Kullum ina manne a bayansa, in ya ƙara wuta in ƙara, in ya rage in rage. Ya lallashe ni, ya yi mini faɗa, ya koma tafiya, ni ma na koma tafiya. Wata rana ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ni ma na ja na tsaya a bayansa.

"Kai, yanzu in na yanke jiki na faɗi, nan za ka tsaya kana jiran in tashi?"

"Allah ya kiyaye, Baffa."

"Ni na ce ka wuce! Ƙin bin maganata ba rashin kunya ba ne?"

Na sunkuyar da kai. Na fahimci abin da yake nufi sarai, amma a gidanmu ko babba ya ce ka wuce, cewa kake yi a'a, shi ma ya san da haka. Da zarar na matso daidai kafaɗarsa sai in ji kamar mahaifina na tsaye a bayana. Baffa ya yi tsaki ya ce ko jakin da ya yi gardama a bakin rafi ya fi ni sauƙin kai.

Na zauna jarrabawar shiga sakandare, na ci, amma da ƙyar. Aka ce gurbi ya cika. Na fara haɗa 'yan komatsaina na komawa ruga sai labari ya zo daga Kazaure. Lokacin muna cikin Jihar Kano, kuma shugaban sakandaren, wani dogon mutum mai son wasanni, ya gaji da yadda makarantun birni ke lallasa yaransa a tsere. Ya ce bayan kaka za a yi babban gudu, kowa ya shiga, soja da ɗan sanda da ɗalibi, daga Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Ɗan aji bakwai da ya riga sauran 'yan firamare isowa, za a ba shi gurbi. Gurbin kuwa guda ɗaya ne tak.

Kowa ya san tsakanin mu biyu abin yake, ni da wani yaro ɗan Babura. Mahaifinsa fataucin hatsi yake yi, shi kuma ya tashi yana bin jakai da ƙafa zuwa kasuwannin Nijar. Ya fi ni tsawo, gashin baki har ya fara tsiro masa, amma aka ce wai sa'ana ne. Shi ba ruwansa da babba ko yaro, in ka tare masa hanya da gwiwar hannu zai ture ka.

Sai dai ko na ci, ba inda za ni sai da yardar mahaifina. Baffa ya ɗauke ni a bayan keke muka tafi ruga. Tun daga nesa ya tuɓe kambas ɗinsa, ya zura dogon wando, ya je ya durƙusa. Ni kuma na laɓe a bayan bukka ina yi kamar ina kwance igiyar maraƙi.

"Yaya, roƙo na zo yi a kan yaron nan."

Ya yi bayani tiryan-tiryan. Mahaifina ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Kai ka tafi ka dawo kana yawo da cinya a waje, mata na nuna ka da baki. Shi ne kake so ka mayar da shi irinka?"

Mutumin da aka faɗi sunansa a rediyo bai ɗago kai ba. Wasa kawai yake da ƙasa da ɗan yatsa. Can ya ce, "Yaya, ka zo ka gani da idonka."

Har na ɗauka magana ta mutu.

"Zan zo," in ji mahaifina. "In ya ci, ban kuma ga rashin kunya ba, su riƙe shi. In kuwa na ga abin da ba a yi a gidan nan, daga filin zan taho da shi, ko da shi ya zo na ɗaya."

Sharaɗin bai tayar mini da hankali ba. Baffa ma zai shiga tseren, kuma na san zai yi mini nisa ko ya ja ni a bayansa har ƙarshe. Ni dai nawa in riga ɗan Babura.

Ranar gudun, babbar mota ta kwashe mu ta kai mu can kan hanyar Roni ta sauke. Gonaki duk an girbe, sai karan dawa a tsaye. Ana busa usur ɗan Babura ya fita kamar an harba shi, ni kuwa na nemi bayan Baffa na manne. Wasu sojoji matasa suka yi gaba abinsu, ba ruwana da su. Wani ɗan sanda mai tumbi ya fara da ƙarfi, ba mu yi nisa ba muka tarar da shi zaune a gindin kuka yana fifita da hula. Baƙin manya ba su dame ni ba. In Baffa ya wuce su sai in bi sawunsa ina sunkuyar da kai. A hawan dutsen da ke kafin gari muka cim ma ɗan Babura, bakinsa a buɗe, ya ɓarnatar da ƙarfinsa tun da wuri. Muka bar shi a baya. Na ce a raina shi ke nan, sakandare ta samu.

Muna gangarowa cikin gari na lura Baffa na jan ƙafar hagu. Da farko kaɗan-kaɗan, daga baya har ina jin kambas ɗinsa na shara ƙasa. Tsohon raunin ne ya tashi. Gudunsa ya ragu, nawa ma ya ragu. Ƙarfi na nan cike a ƙirjina, amma ba inda zan kai shi. Mutane sun yi layi a bakin titi suna ihu, a cikin ihun kuma na fara jin wani haki a bayana wanda ba nawa ba. Ban waiwaya ba, na san ko waye.

Muka shiga filin makaranta, saura a zagaya shi a kai ga igiyar ƙarshen tsere. Can kusa da igiyar, ware daga jama'a, na hango malfa da sanda a gicciye bisa kafaɗu. Mahaifina ya zo.

"Wuce," in ji Baffa, muryarsa da ƙyar take fita.

In na wuce, mahaifina zai ga na shiga gaban ƙaninsa a idon duk mutanen Kazaure. In na tsaya, ɗan Babura zai wuce mu mu biyu. Ta kowace hanya sandar kiwo ce ke jirana. Wani irin baƙin ciki ya taso mini, na ji haushin Baffa da ƙafarsa, na ji haushin mahaifina, na ji haushin kaina. Inuwar ɗan Babura ta faɗo kusa da tawa.

Ban yi wani dogon tunani ba, abin da jikina ya sani shi ya yi. Na ratse gefe, na bar wa Baffa hanyarsa da faɗi, yadda ake kauce wa babba. Na rusuna ina cikin gudu har na kusa kifawa, na tattara numfashin da ya rage mini na ɗaga murya da Fulatanci.

"Gafara, Baffa! Sannu da aiki, Baffa!"

Sannan na wuce shi.

Ratsewar nan ta ci mini ƙasa, ɗan Babura ya zo daidai kafaɗata, har gwiwar hannunsa ta doki haƙarƙarina. Amma wani abu ya riga ya kwance a ƙafafuna. Tun da na fara bin Baffa ban taɓa gudu ba ya gabana ba sai ranar, kuma wallahi daɗi gare shi! Na ji yaranmu na Roni suna ihu, na gari da na ruga duk murya ɗaya. Na ji Baffa daga baya yana kururuwa da muryar da ban san ya rage ta ba. Na sake duk abin da na adana tun daga hawan dutse. Ƙirjina ne ya riga na ɗan Babura taɓa igiya, na faɗi a kan ciyawa, shi ma ya faɗo kusa da ni.

Muna kwance muna haki ya juyo ya ce, "Kai wane irin mutum ne, kana gudu kana gaisuwa?" Na fashe da dariya. Shekara na zagayowa shi ma ya shigo makarantar, muka zama aminai, amma wannan wani zance ne.

Yara suka zo za su ɗaga ni sama, na zame musu. Ban san hukuncin da ke jirana ba. Na taka a hankali zuwa wurin mahaifina, na durƙusa ɗan nesa da shi, gumi na ɗiga daga haɓata. Bai dube ni ba. Baffa ya iso yana ɗingishi, shi ma ya durƙusa da ƙyar, ƙafar hagun a miƙe. Shugaban makaranta ya taho da fara'arsa zai yi barka, da ya ga fuskokinmu sai ya ja ya tsaya.

Mahaifina ya dubi ƙaninsa.

"Da zai wuce ka, me ya ce maka?"

"Gafara ya nema, Yaya. Har da sannu da aiki. Ni ne ban samu numfashin amsawa ba."

Mahaifina ya kalli ƙafar Baffa. Ya sauke sandarsa daga kafaɗa ya dogara ta a ƙasa. Sannan ya juya wajen shugaban makaranta ya yi magana da Hausarsa mai nauyi.

"Malam, in yaro zai zo wurinku, da tabarmarsa yake zuwa ko kuna da ita?"

"Ai gado muke da shi, Baba. Kowane yaro da nasa."

"To, gado," in ji mahaifina, kamar yana auna kalmar. Ya gyara zaman malfarsa zai tafi, sai kuma ya tsaya. "Ku riƙa tashinsa da kanku. Yana da nauyin barci, kuma in sanyi ya yi yakan ture mayafi."

Ban taɓa sanin ya san yadda nake barci ba. Na kafa kaina a ƙasa, hawaye na zuba. Baffa ya dafa kafaɗata ya ce in tashi in kama shi, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa.